Muryar Yaya a Cikin Tsohon Faifai

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Tun ranar Lahadi da jami'an tsaro suka zo suka tafi da Yaya ban zauna na rubuta komai ba. Umma ta ce mu riƙa cewa "ya yi tafiya" idan maƙwabta sun tambaya. Kowa ya sani, amma kowa sai ya ce Allah ya dawo da shi lafiya.

Gidan rediyonmu ya yi tsit. An ce mu sauka daga iska sai an gama bincike. Ni da Manaja kaɗai aka yarda mu riƙa shiga, shi don ofis, ni don ni ce injiniya kuma dole wani ya kula da na'urori. Sun ajiye mutum a bakin ƙofa, ya zo da kujerarsa ta roba. Manaja ya sa masa suna Mai Kujera. Yana duba jakata in zan shiga, yana dubawa in zan fita. Ko allura ba za ta bar ginin ba.

Lauya ya zo ɗazu. Ya ce abin da ke yawo a wayoyin mutane guntu ne, bai kai rabin minti ba, an yanko shi daga shirin Yaya na awa biyu. Da wannan guntun suke riƙe da shi. Yana son shirin gaba ɗayansa. Na ce kwamfutar ɗakin shirye-shirye ai sun ɗauke ta tare da shi. Ya ce, "To babu wani wuri?"

Akwai. A ɗakin baya, ƙarƙashin tebur, akwai tsohuwar na'urar da ke naɗe duk abin da ya fita ta iska. Ba wanda ya kula da ita don ta yi kama da shara.

Ban saurari guntun ba. An turo mini sau da yawa, ina gogewa.

Laraba, 5 ga wata, da hantsi

Na goge ƙurar akwatin. Faifai huɗu ne a ciki, an haɗe su wuri ɗaya, terabait biyu. Manhajar da ke buɗe abin da ta naɗa ta daina tashi tun bara, ba mu damu ba don ba wanda ya taɓa nema. Na kira Baba Injiniya, wanda ya koya mini aiki kafin ya yi ritaya. Shi ya kafa ta.

Ya ce, "'Yata, wannan na'urar a zagaye take rubutu. In ta cika sai ta koma ta hau kan mafi tsufa. Ba ki da yadda za ki san inda shirin ya faɗa sai an buɗe. Ki turo mini ita duka, ina da manhajar a tsohuwar kwamfutata."

Lauya ya ce umarnin ya hana fitar da kaya, bai hana kwafa ba. Wayar faiba da muka ja zuwa gidan eriya a kan tudu tana nan da ranta. Baba yana da makullin wurin, zai kai kwamfutarsa can ya jira.

Manaja ya tsaya a kaina ina lissafi. Ya ce, "Ba gigabit goma aka ce wayar nan ke ɗauka ba? Ai kafin shayi ya huce an gama."

Na ce da a ce daga wayar abin zai fara, haka ne. Gigabit goma megabait dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ke nan a daƙiƙa, ƙasa da rabin awa ta kwashe komai. Amma sai bayanan sun fito daga akwatin tukuna, kuma ƙofa ɗaya gare shi, tsohon kebul na USB. An rubuta ɗari huɗu da tamanin a jikinsa, amma megabit ne, sai an raba gida takwas, ya zama sittin. Sittin ɗin ma a takarda ne. In ya ba mu talatin mun gode Allah.

Ya ce, "Wato mun ja bututun da zai shayar da gari, amma da ludayi za mu riƙa zuba masa."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun Lahadi, sai na ji kunya.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Kwafin ya fara. Talatin da ɗaya, talatin, talatin da biyu. Baba ya ce yana isowa lafiya lau, wayar ma ba ta san ana aiki da ita ba. In ya ɗore haka, gobe da safe an gama.

Na kira Anti, matar Yaya, na ce ta kwantar da hankalinta. Bai kamata in faɗa ba.

Alhamis, bayan magariba

Kashi arba'in da uku cikin ɗari. Ina kallon allo sai komai ya mutu. Mai Kujera ne ya sauke babban makunnin wuta, ya ce haka aka umarce shi, in ya tashi aiki sai ya kashe gini. Na ce masa bai san abin da ya yi ba. Ya ce, "Hajiya, ni aikina nake yi." Bai ɗaga murya ba. Ni na ɗaga.

Duk abin da ya tafi ya lalace. Daga farko za a koma.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Na kunna. Ya ɗau lokaci kafin ya tashi, sannan na ji wata ƙara daga cikin akwatin, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa farce a kan gilashi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan ƙarar.

Talatin. Sha biyu. Huɗu. Daga nan ya tsaya cak.

Na kashe da hannuna. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Ba a buɗe gini Asabar da Lahadi. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Kawu ya zo gaida Umma. Ya sha ruwa, ya gyara zama, ya ce shi tun da daɗewa yake faɗa, baki shi ke yanka wuya. Ya ce yaron nan tun yana ƙarami ba a rufe masa baki. Anti ta tashi ta shige ɗaki. Umma ta ce wa wan nata, "Yaya, ka sha ruwanka." Shi ke nan abin da ta ce, amma bai ƙara ba.

Abin da ya dame ni, Kawu bai yi ƙarya ba. Na san Yaya. Na sha zama a bayan gilashi ina ɗaga masa hannu ya sassauta, shi kuma yana kashe mini ido yana ci gaba. Ranar da aka yi shirin nan ba na wurin, na raka Umma asibiti.

Umma ta tambaye ni, "Auta, abin naki ya kusa?" Na ce ya kusa.

Har yanzu ban saurari guntun ba.

Litinin, 10 ga wata, da azahar

Baba ya ce in buɗe akwatin in ciro fayafayan, in haɗa kowanne kai tsaye da kebul ɗinsa mai faɗi. Wannan yana kai megabait ɗari da talatin da uku a takarda, ya ninka USB ɗin, kuma zan gane wane faifan ne mai ciwon. Na ɗauko sukundireba, sai na ga takardar da suka manna a kan murfin, da hatimi. An manna wa kowace na'ura a ginin ranar Juma'a da yamma. Lauya ya ce in na yage ta, na ba su abin da suke nema.

To sai ta ƙaramar ƙofa. Baba ya turo mini wata manhaja mai haƙuri: tana karantawa a hankali, in ta ci karo da wurin da ya lalace ta tsallake, in wuta ta ɗauke ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Megabait biyu. Wani lokaci uku.

Na zauna ina kallon akwatin faiba a bango, koren fitilarsa tana ƙyaftawa jifa-jifa. Yana iya ɗaukar ninkin abin da nake ba shi sau ɗari shida. Baba ya ce daga can ji yake kamar ana ɗiga masa magani a ido.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Manaja ya shigo ya rufe ƙofa. Juma'a ta sama, ashirin da ɗaya ga wata, za su rufe ginin gaba ɗaya su kwashe na'urori. Ranar za a yanke wayar. Bai ce komai game da aikinmu ba, nasa da nawa da na sauran mutane. Ni ma ban tambaya ba.

Na yi lissafi sau uku. In na'urar za ta yi aiki dare da rana, ina buƙatar biyu da rabi. In kuwa Mai Kujera zai ci gaba da kashe wuta kowace yamma, ko kashi ɗaya cikin uku ba za mu kai ba.

Laraba, 12 ga wata, bayan la'asar

Na je na same shi. Yana fama da wayarsa, ta ƙi caji. Na karɓa na duba, datti ne ya cushe ramin, na tsokale da tsinke ta kama. Ya yi godiya har da rusunawa. Na ce masa haƙuri ne na zo ba shi, kan ranar Alhamis.

Ya ce, "Wanda aka tafi da shi, an ce wanki ne."

Na ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya juya wayar a hannunsa. Ya ce shirin Yaya ba ya wuce mahaifiyarsa, ko tana girki sai an kai mata rediyo. Sannan ya ce, "Ni abin da aka ce mini, in na tashi kada a ga haske a gini."

Na ce ɗakin baya ba shi da taga.

Ya ce, "Ni ban san ɗakin baya ba."

Da zan fita na waiwaya. Ya bi ofisoshi yana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, bai je wurin babban makunnin ba.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Akwatin yana raye. Kashi sha huɗu.

Alhamis, da azahar

Akwatin ya yi zafi har ba na iya ɗora tafin hannu. Yana zafi, gudun yana sauka: ɗaya da rabi, ɗaya. Na koma gida na ɗauko fankar ɗakin Umma. Ta ce, "Ɗauki, ni zafi bai taɓa kashe ni ba." Mai Kujera ya ce in sani, abin da ya shiga ba ya fita. Na ce na sani.

Da fanka ya koma biyu da rabi. Akwai wani lokaci da ya haura goma sha ɗaya, na miƙe tsaye kamar mai kallon ƙwallo, bai jima ba ya faɗo.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Lauya ya kira ni waje, muka tsaya a gindin bishiyar da ke gaban ofis. Ya ce yana so in fahimci wani abu. In shirin ya fito, ba zai iya zaɓar inda ya yi masa daɗi ya kai ba, duka zai kai. Bai san me ke ciki ba. Ya ce, "Kin fi ni sanin ɗan'uwanki. In akwai abin da ya fi guntun nan muni, da hannunmu muka miƙa musu igiya."

Na ce me shi Yaya ya ce. Ya ce ba a barinsu su biyu, da mutum a tsaye.

Na koma ɗakin baya. Kashi ashirin da shida. Na tsuguna na kama kebul ɗin da yatsu biyu. Faifan da ke wannan ƙarar, in aka fizge shi yana tsakiyar karatu, da wuya ya sake tashi. Ba wanda zai ce komai. Kowa ya san tsohon kaya ne.

Na daɗe a tsugune har ƙafata ta yi tsami. Na saki, na yi alwala.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Baba ya kira daga tudu. Talatin da huɗu. Ya ce ya kai tabarma da butarsa can, matarsa ta ce ya yi sabon aure da kwamfuta.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

An bar Anti ta gan shi. Ta dawo ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Umma ta tambaye ta ya yake, ta ce lafiya lau, ya yi ƙiba ma. Da Umma ta fita sai ta kama hannuna ta matse.

Ta ce, "Ya ce in gaya wa Auta, ta ciro shi duka. Kada ta yanke ko tari."

Na ce haka ya ce?

Ta ce, "Haka ya ce. Da ƙyar na ji shi, muryarsa ta dushe."

Ban tambaye ta me ya dusar da ita ba.

Litinin, 17 ga wata, da safe

Hamsin da huɗu. Ƙarar ta ƙaru. Yanzu har daga baranda ana ji.

Talata, 18 ga wata, da azahar

Wutar gari ta ɗauke. Batirin da ke riƙe na'urar minti kaɗan yake yi. Na fita da gudu, Manaja yana gabana, babban mutum da tumbinsa, muka kama igiyar janareta. Ya ja sau uku ta ƙi. Mai Kujera ya taso ya ture shi gefe, ya ja sau ɗaya ta kama. Ya koma kujerarsa bai kalli kowa ba.

Manaja yana haki ya ce, "Kin ga, dama ni na ɗumama masa ita."

Sittin da uku.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Rabin yini a ƙasa da ɗaya. Na daina lissafi. Na sake yi. Na daina.

Na yi wa Anti tsawa a waya don ta tambaye ni kashi nawa. Daga baya na kira in ba ta haƙuri, sai ita ce ta riƙa ba ni.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Tamanin da biyar. Ba zai kai ba. Na tambayi Baba ko zai iya buɗe abin da bai cika ba. Ya ce manhajar ba za ta yarda ba, amma sautin yana ciki, zai iya tsinka shi gunduwa-gunduwa ya bi da kunne. Ya ce, "Matuƙar shirin bai faɗa cikin abin da ya rage ba."

Na ce in ya faɗa fa?

Ya ce, "Ki ci abinci, 'yata."

Juma'a, 21 ga wata, da azahar

Sun zo da mota da hantsi. Suka fara daga ofishin Manaja, ya riƙa jansu da magana, yana nemo makullin da ke aljihunsa. Mai Kujera ya zagaya da su ɗaki ɗaki, ɗakin baya ne na ƙarshe. Ina zaune ina kallon allo. Casa'in da uku. Casa'in da huɗu.

Wani dogo ya shigo ya ce, "Madam, tashi." Na tashi. Ya sunkuya ya zare wayar wuta daga bango. Ƙarar ta tsaya.

Na fito da jakata. Ba wanda ya duba ta.

Asabar, 22 ga wata

Baba bai kira ba.

Lahadi, 23 ga wata, bayan la'asar

Bai kira ba. Na kira, ya ce yana cikin tallan sabulu na watanni uku da suka wuce, in bar shi ya yi aiki.

Litinin, 24 ga wata, da hantsi

Ya samu.

Ya ce in je ofishin Lauya. Suna da faiba a can, tudun ma yana da wata ban da wadda aka yanke, ya turo daga tudu, kafin in ja kujera in zauna fayil ɗin ya iso. Awa biyu na magana, ko ƙiftawar ido bai ɗauka ba.

Muka saurara, ni da Lauya. Sai ga Yaya yana sallama, yana tsokanar mai kula da sauti, yana gaida direbobi da masu shago. Na manta yadda muryarsa take cika ɗaki. Akwai wurare biyu da sautin ya yi tsalle, kaɗan kaɗan.

Da aka zo wurin, Lauya ya ɗaga yatsa. Kalmomin daga bakinsa suka fito, haka ne. Amma kafin su ya ce ga saƙon wani mai sauraro, zai karanta shi yadda aka turo. Bayan su ya ce wa mai saƙon, "Ɗan'uwa, ban yarda da kai ba," ya daɗe yana ba shi amsa, yana roƙon mutane su zauna a gidajensu.

Can kusa da ƙarshe kuma ya faɗi wani abu, nasa na kansa, ba saƙon kowa ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Lauya ya dafe kai, ya ce, "Wannan mutumin." Ya mayar da wurin baya ya sake ji. Sannan ya ce wannan ra'ayi ne, zai iya tsayawa a kansa. Za a kai duka.

Alhamis, 27 ga wata, bayan magariba

Yaya yana gida. Ba a gama shari'a ba, an ce ya riƙa zuwa yana nuna kansa, kuma kada ya kusanci makirfo. Gidan rediyon yana nan a rufe. Ban san me za mu yi wata mai zuwa ba.

Rigarsa tana yawo a jikinsa. Umma ta shafa fuskarsa ta ce wa Anti, "Wannan ce ƙibar?" Muka yi dariya, Anti tana share hawaye.

Bayan mutane sun ragu na same shi a tsakar gida shi kaɗai, da kofin shayi a hannu bai sha ba. Sai da na matso kusa sosai kafin in ji abin da yake cewa.

"Auta, kin saurara duka?"

Na ce duka.

"Kafin ki saurara, kin ɗauka na faɗa?"

Na ce na ɗauka.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kullum sai sun kunna mini guntun nan, safe da yamma. Har na kai ina zaune ina tambayar kaina, anya akwai wani saƙo? Ko ni na ƙirƙiro shi don in samu in yi barci?" Ya juya kofin a hannunsa. "Da na ce ki ciro shi duka, ni ma ban san me za ki ciro ba."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata. Na nemo masa wurin, ya kara a kunne. Na bar shi yana saurare, na shiga taya Anti kwashe kwanuka.